Farantin Dambu a Ƙofar Malam Mamman

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Bilki tana son ta ji ko na yi kuka a masallacin Annabi, Zainab tana tambaya ko abaya ta yi araha, ke kuma Rabi kin ce in ba zan yi magana ba in turo hotuna. Hotunan ba su yi kyau ba, rabinsu yatsana ne ya rufe. Na yi kuka, na kuma sayo abaya. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan ba da labarin Madina, abin da ke fara zuwa mini shi ne wata ƙofar katako mai zamewa da farantin dambu a bakinta. Bari in rubuta sau ɗaya, kowacce ta karanta.

Kun san halin da na tafi a ciki. Kundina na kammala karatun lauya ya tsaya cak. Na zaɓi in yi rubutu a kan shari'o'in da ake yi wa manyan kamfanonin fasaha a Amurka bisa zargin babakere a kasuwa. Ɗaya daga ciki ce ta hana ni sukuni. Ana tuhumar wani ƙaton kamfanin bincike a intanet da biyan masu ƙera wayoyi domin manhajarsa ta zama ita ce mutum zai tarar da zarar ya kunna sabuwar waya. Shi kuwa kamfanin cewa yake bai ɗaure hannun kowa ba, wanda ya so ya canza. Da an zo daidai wurin da nake ɗokin ji, sai lauyoyi su ce sirrin kasuwanci ne, a fitar da 'yan jarida, a rufe ƙofa. Takardun da ake saki kuma an bi layukansu an shafe da baƙi, kamar sararin da aka tsince wa taurari aka bar duhun. Ina zaune a Zariya ina jin haushin wata ƙofa da ke bayan teku.

Ana cikin haka Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ke zaune a Madina tun kafin a haife ni, ta bugo waya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Ummi take kira na. Ta ce wa Baba, "Yaya, turo mini Ummi ta yi umra, ko kanta zai sauko daga gajimare."

Hanyar Zariya zuwa Kano ban gan ta ba, idona na kan waya. A filin jirgi na shiga ayarin wasu 'yan umra, aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa 'yar Gumel, Iya Tabawa. Jirgi bai gama ɗagawa ba ta ɗora tafinta a gwiwata.

"Ke 'yar nan, ƙafar nan taki keken ɗinki ce? Tun ɗazu take rawa."

Na ce, "Iya, shari'a nake bi."

"Taki ce?"

"A'a."

"Ta ubanki?"

"A'a, Iya, ta wasu ce a Amurka."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi. "Ci. Allah Ya ba ki lafiya."

A Jidda na fara jin kunya. Jajibirin tafiya Rabi ta zaunar da ni ta yi mini jan lalle har kan 'yan yatsu, wai kada in shiga garin Annabi hannu fari. Da na isa gaban ma'aikaciyar shige da fice na ɗora yatsuna a kan gilashin, sai na'urar ta ƙi gane ni. Na ɗora, ta yi ja. Na goge a hijabi na sake ɗorawa, ta yi ja. Layi ya tsaya a bayana. Ma'aikaciyar ta juya tafina tana kallon zanen, ta kira abokiyar aikinta, su biyu suka yi ta yaba shi da Larabci, ni kuwa gumi har cikin safa. Iya Tabawa daga can baya tana ɗaga murya, "Ku sake ta, lauya ce!" Sai da aka fesa mini wani ruwa aka murza yatsun ɗaya bayan ɗaya sannan ta yi kore. Na wuce ina tunanin yadda ake neman kowane layi na yatsan talaka kafin ya shiga gari, amma masu kamfanin da suka san abin da nake tambaya a asirce, su ba a yarda a ga layukan takardunsu ba.

Daddawar da Mama ta ƙunsa wa Gwaggo ita ma ta tsayar da ni. Jami'in ya kwance ledar, ya sansana, ya ja da baya kamar an mare shi. Na rasa sunanta da Larabci, na ce, "Dawa'," wato magani. Ya ɗaure da sauri ya yi mini alamar in tafi, da fuskar mai tausayin duk wanda zai sha.

Daga nan muka hau bas. Hanya miƙaƙƙiya, duwatsu baƙaƙe, sai raƙuma jefi-jefi. Mun tsaya a wani gidan abinci aka kawo tamis, wani faffaɗan burodi mai zafi, da wake da aka dama da man zaitun. Iya ta ɗanɗana ta ce waken nan marar lafiya aka dafa wa, ta zaro yaji daga ɗaurin zaninta. Kafin mu tashi har wani Bayamane da ke ba da shayi ya zo roƙo a sam masa.

A Madina muka rabu, ita masaukin ayari, ni gidan Gwaggo a Harra ta Gabas. Unguwa ce ta tsofaffin benaye da lunguna, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga ruwa a kan masu wucewa. Abin da na fara lura da shi ƙofofi ne. Mu a gida ƙofa a buɗe take wuni, maƙwabciya ta yi sallama tana tsakiyar tsakar gida. A can ƙarfe ne, sai ka danna ƙararrawa, murya ta fito daga bango ta ce, "Min?" wato wane ne. Tagogi duk a rufe. Gari cike da mutane, amma ba ka jin dakan kowa.

Hanan, autar Gwaggo da aka haifa a can, ita ta buɗe mini. Tana jin Hausa tas, amma amsa sai da Larabci. In na ce, "Hanan, ina bokiti?" ta ce, "Fil hammam," wato a banɗaki. Ita ta zuba mini gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi. Na shanye na miƙa, ta sake zubawa. Na shanye na miƙa, ta ƙara. Ni ina jin kunyar in ƙi, ita tana jin kunyar ta daina. Sai da zuciyata ta fara gudu Gwaggo ta shigo ta gan mu, ta yi dariya har da zama a ƙasa. Ashe girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Wunin ranar har ganyen labule ina jin motsinsa.

Gwaggo tana da ɗan kicin a ƙasan benen. Shekara da shekaru tana yi wa 'yan umra na ƙasashenmu dambun shinkafa da zogale, ana zubawa a robobi, direbobin bas su ɗauka a Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, su raba wa fasinja a hanyar Makka. Amma da na shiga kicin ɗin, manyan tukwanen a kife suke. Mai taimaka mata ɗaya ce ta rage, Mariyama 'yar Maraɗi, tana goge abin da ya riga ya gogu.

Na ce, "Gwaggo, yau hutu ne?"

Ta ce, "Hutun dole, Ummi."

Ta ba ni labari tana tsince zogale. Wani Bahaushen Sudan, Alhaji Bashir, ya buɗe babban kicin, ya shirya da shugaban direbobi cewa robobinsa kaɗai za a riƙa loda wa basa-basan mutanenmu. Da ta yi magana ya ce shi bai hana kowa ba, fasinjan da ke son dambu ya sauka ya nema. Ina jin haka na miƙe tsaye, har na zubar da kwanon zogalen. Maganar da na bar Zariya ina karantawa ce, ba a canza mata ko harafi ba, sai dai an zuba ta a roba da cinyar kaza.

Ta kai ƙara wurin Malam Mamman, dattijon Damagaram da mutanenmu ke kai wa rigingimunsu kafin su kai ga hukuma. An zauna har ya fi sau ɗaya, maza kaɗai, ƙofa a rufe, surukinta ne ke wakiltarta. Duk zama sai ya fito ya ce, "An daidaita, Hajiya, ki yi haƙuri." Me aka ce? Ba a faɗa. Me ya sa har tsofaffin direbobin da suka saba da ita suka daina ɗaga wayarta? Ba a faɗa. In zaman da ke tafe ya ƙare kamar na baya, kafilinta, wato ɗan ƙasar da kicin ɗin ke ƙarƙashin sunansa, ya ce zai rufe ya ba mai wanki haya.

Na ce, "Gwaggo, ki ce a yi a fili! A tsakar masallacin unguwa, kowa ya ji!"

Ludayin da ke hannun Mariyama ya faɗi. Ta ɗauka, ta fita ba ta dube ni ba.

Gwaggo ta rage murya. "Igamar Mariyama, takardar izinin zamanta a ƙasar nan, ta aikin gida ce, ba ta kicin ba. Matan da ke yi wa Bashir girki ma da yawansu haka ne. In magana ta fita titi, ba shi za a sa a jirgi ba, su ne. Ƙofar nan da kike jin haushi, akwai waɗanda take lulluɓewa."

Na zauna. Ƙafata ta ci gaba da rawarta. Can na ce mata a shari'ar da nake bi, masu neman a buɗe ba cewa suka yi a yaye komai ba. Cewa suka yi duk abin da za a ɓoye a faɗi dalilinsa, a rufe ƙofa a kansa shi kaɗai, in an wuce shi a sake buɗewa. Kada a fake da abu guda a rufe wuni guda.

Ta ce, "Tattaro mini zogalen da kika zubar."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su tsakanin masallaci da waya. Kotun can tana zama daidai bayan la'asar ɗin Madina, sai in ga 'yan jarida sun rubuta cewa yau ma suna baranda suna jira. A harabar masallacin Annabi akwai manyan lemomi da ke buɗewa da safe su naɗe da yamma, a hankali, kamar furanni masu jin kunya. Nakan zauna a ƙarƙashinsu in ce yau zuciyata za ta kwanta. Takan kwanta, har in yi kuka mai daɗi. Ina fita ƙofa kuma sai ta miƙe ta riga ni gida.

Ranar zama Gwaggo ta tashi tukwane tun da hantsi. Ta yi dambu kamar na biki, ta zuba a faranti mai faɗin da sai mutum biyu. Muka shiga tasi, ni da ita da Hanan, zuwa gidan Malam a Al-Khalidiyya, farantin a cinyoyinmu yana ƙona mu.

Falon Malam biyu ne, na maza da na mata, ƙofar katako mai zamewa a tsakani. Al'adar gidan ita ce mata su ƙwanƙwasa, a zame ƙofar kaɗan, a tura gahawa ko abinci, a ja a rufe. Ɓangarenmu ya cika: matan kicin ɗin Bashir, matarsa Hajja Amna, Mariyama a lungu, kowa na jiran hukuncin da ba za ta ji yadda aka yi shi ba. Ta cikin katako ba ka jin komai sai gunaguni, kamar ƙudan zuma a tulu.

Gwaggo ta ƙwanƙwasa. Aka zame. Muka tura farantin, ya shiga rabi, sai ta tsaya. Ta zauna dirshan a bayan ƙofar, inda maza ba sa ganin ta, ta riƙe bakin farantin da hannu biyu. Wani daga ciki ya ja, ta riƙe. Ya nemi jan ƙofa, faranti ya tokare. Ba wanda zai ture abinci da ƙarfi a gidan Malam.

Muryar Malam Mamman ta fito. "Hajiya Asabe, lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Ku ci daga nan, hannunku zai kai."

"Hajiya, magana muke."

"Tawa ce ai, Malam. An dafa ni an sauke ban ji ƙamshina ba. Yau ina so in ji. In an zo kan sunayen mata da takardunsu, ka ce mini, ni da kaina zan rufe."

Sai wata babbar murya, ta Alhaji Bashir. "Ya jama'a, wannan sirrin kasuwa ne! Kuma ita ta fi kowa sanin me ya sa ake rufewa. In ana son a buɗe, ɗayyib, shi ke nan, sai mu fara da waɗanda ke aiki a kicin ɗinta."

Na ga Mariyama ta dunƙule kamar tana son ta shige bango. Ni kuma na san daga bakina wannan ya faro.

Hajja Amna ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga kai daga carbinta ba. "Ya Bashir, ka ji tsoron Allah. Masu yi maka girki suna nan zaune suna jin ka."

Sannan muka ji ƙarar cokali a faranti. Malam ne. Ya ce, "Bismillah. A bar ta a haka. Usman, maimaita abin da ka faɗa mana a zaman baya."

Usman shi ne shugaban direbobi, ɗan Chadi. Ya yi ta gyaran murya. Daga ƙarshe ya ce an ce dambun Hajiya ya taɓa lalacewa a hanya, bas guda ta kamu da ciwon ciki cikin harami, shi ya sa direbobi suka ja baya.

Ƙarar cokalin Malam ta tsaya. Hanan ta toshe baki da gyale.

Gwaggo ba ta motsa ba, amma na ga jijiyoyin hannunta sun tashi. Ashe wannan ne abin da ake ta lallaɓawa a bayan katako, wai don kada ranta ya ɓaci. Ta ce, "Usman, ɗana, wace bas?"

"Wallahi Hajja, ba tawa ba ce."

"Ta wa ce?"

"An dai faɗa mini."

"Wa ya faɗa?"

Malam ya bi zancen mutum bayan mutum. Usman daga wani direba ya ji, direban daga mai loda kaya na kicin ɗin Bashir, Bashir kuma ya ce shi ma ji ya yi. Ba wanda ya ga bas ɗin, ba wanda ya san ranar. Maganar da ta yi ƙiba a ɗaki rufe, da iska ta taɓa ta sai ga shi ba ta da ƙashi.

Cokalin Malam ya ci gaba da aiki. Ya ce da cikakken baki, "Ni dai in wani abu ya same ni, kun san inda za ku nema." Dariya ta tashi ta ɓangare biyu.

Daga baya ya ce, "Hajiya, yanzu za mu taɓa maganar ma'aikata." Gwaggo ta tura farantin ciki gaba ɗaya, ta ja ƙofar da hannunta har ta haɗe. Na zauna ina kallon katakon. Karo na farko a rayuwata da na ga ƙofa a rufe ban ji haushinta ba, ko da yake ƙafata ba ta daina rawa ba, don ban san ko za a sake buɗewa ba. Mariyama ta matso ta ɗora hannunta a gwiwata, daidai inda Iya Tabawa ta ɗora nata.

Aka zame ƙofar daga ciki. Farantin ne ya fara fitowa, fes. Malam ya faɗi hukunci kowa na ji, ya kuma faɗi dalili: zancen lalacewar abinci ba shi da shaida, kada a sake ɗaga shi, direbobi su ɗauki na kowa, a tambayi fasinja. Bashir ya nemi a bar robobinsa a gaba kusa da direba, aka bar masa. Gwaggo ta so ta yi gardama, ta fasa. A tasi ta ce mini, "Ba duka na samu ba. Amma sunana ya dawo, kuma da kunnena na ji."

Ranar da zan wuce Makka na sake haɗuwa da ayarinmu a Bi'ir Ali. Basa-basai jere, maza cikin fararen mayafai suna ta gyara ɗauri, ana kiran sunayen garuruwa. Na duba waya kafin in yi niyya: a can bayan teku an saki wasu takardu, wasu layukan a buɗe, wasu har yanzu baƙi. Na kashe ta na jefa a jaka.

Iya Tabawa ta ajiye mini wuri. Bas ta ɗau hanya, ana ta talbiyya, sai ga direba na biyu yana bin kujeru da kwali biyu, fuskarsa a murtuke don an ƙara masa aiki.

"Hajja, shinkafa da kaza ko dambu?"

Na ce a kunnenta, "Iya, dambun na Gwaggona ne."

Ta ce, "To sai me? Dambu na baro a Gumel." Ta ɗaga kai ta ce wa direban, "Ba ni kazar." Ta karɓa, ta juya robar, sannan ta dube shi da mamaki. "Ikon Allah. Zuwana na baya miƙo mini kawai aka yi. Yaushe aka fara tambaya?"

Na karɓi dambuna, na buɗe a kan cinya. Sai da na kusa cinyewa na lura ƙafata a tsaye take.